Tafiyata Illela Neman Hatimin Kawu

Tun da na dawo daga Illela ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya tambaye ni wai da gaske na tashi tun daga Kano har bakin iyaka saboda ambulan ɗin da babu komai a cikinsa. Wasu ma sun riga sun yanke hukunci cewa fasa-ƙwaurin atamfa na je, ambulan ɗin rufa-rufa ne. To na gaji da ba da labari guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da taka keken ɗinkina.

Dole in fara da Kawu Inuwa, yayan mahaifiyata, don shi ya jawo komai. Kawu ya yi aikin tantance wasiƙu a gidan waya har ya yi ritaya, kuma a can ya kwaso wata sha'awa da ban taɓa ganin irinta wurin kowa ba. Shi ba kan sarki yake tarawa ba. Abin da yake tarawa shi ne hatimin da ake bugawa a kan kan sarkin don a kashe shi, wanda ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Yana da gwangwanayen biskit jere a ƙarƙashin gado, kowanne da irin nasa. Akwai na mai zagaye ɗaya, akwai na mai zagaye biyu, akwai na mai siffar ƙwai da ake buga wa wasiƙar rajista, akwai kuma na inji mai layuka a lanƙwashe, wanda Kawu ke raina wa yana cewa aikin ragwaye ne. A cikin kowane gwangwani kuma ya jera su gari-gari. Ina yaro na sha rankwashi a kan gwangwanayen nan, na girma kuma na zama ni ne mai karanta masa ƙananan haruffa.

Na garuruwan bakin iyaka duk ya samu, sai na Illela. Ba don bai nema ba. Akwai Alhaji Garba, mutumin Illela mai kawo albasa Kano, abokin hirar Kawu. Kawu ya ba shi ambulan mai kan sarki da adireshi ya ce in ya koma gida ya jefa a can. Da Alhaji ya sake zuwa Kano sai ya zaro ambulan ɗin daga aljihu yana murmushi, wai me zai sa Kawu ya jira gidan waya ga shi shi ma tafe yake. Aka sake yi masa bayani, aka sake ba shi. Wannan karon ya jefa, amma a Sakkwato, don ya ji an ce daga can ta fi saurin zuwa. Na Sakkwato kuwa Kawu yana da su har ya rasa inda zai sa.

Abin dariya ne har ranar da ya daina zama abin dariya. Alhaji Garba ya zo da labarin cewa ana gina sabon ofis a Illela, kuma tsohon da ke riƙe da wakilcin gidan waya a shagonsa zai mayar da tsohon hatimin ƙarfen. A daidai lokacin kuma idon Kawu ya soma rufewa, likita ya ce abin da ya rage kaɗan ne. Kawu ya kira ni, ya miƙo mini ambulan ɗin da ya rubuta wa kansa da manyan haruffa, layin ma ya karkace. Ya ce, "Sabo, ina so in ga na Illela da idona kafin ya tafi. Ka ce a buga a hankali, kada a dame shi." Tausayinsa ya kama ni sosai. Na rufe shago, na bar ɗinkin mutane a rataye.

Na sa ambulan ɗin tsakanin kwali biyu a aljihun gaba, na ƙara wasu na gwaji a jaka, na shiga fijo mai zuwa Sakkwato. Bazara ce, kuma an cusa mu kamar goro a huhu. Kusa da ni wani dillalin fata ne, tun daga Funtuwa yake ba ni shawarar in daina ɗinki in shiga harkar fata, har muka wuce Gusau bai gama ba. A Talata Mafara aka tsaya salla, na sayi kilishi na jefa a jaka ban yi tunani ba. Da muka isa Sakkwato na buɗe jaka, sai ga rabin ambulan ɗin gwajin sun sha mai sun yi ja. Na zagi kaina son raina. Dillalin ya leƙo ya ce ai da fata ce da man gyara ta zai yi.

Zafin Sakkwato kuwa, ku da kuke kukan zafin Kano ku je ku nemi gafara. Na kwana a gidan wani abokin sana'a, da safe na shiga motar Illela ta hanyar Kware da Gwadabawa. Fasinjojin rabi 'yan albasa ne, rabi Fulani masu zuwa kasuwar shanu. Wani dattijon Bafulatani ya lura ina yawan dafa ƙirji, ya tambaye ni ko ciwo ne. Na ce takarda ce. Ya ce ta gado ko ta gona? Na ce babu komai a cikinta. Ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa, suka yi 'yar magana da Fulatanci, daga nan duk inda motar ta tsaya sai ya saya mini ruwa.

Alhaji Garba ya karɓe ni karɓar da ta sa na ji kunya. Ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa, kusa da rumfar da yake shanya albasa, don haka har na bar garin ni da tufafina ƙamshin albasa muke yi. Aka kawo fura, wadda su suke kira hura, a ƙwarya mai faɗi da nonon da aka tatso da safen nan. Mu a Kano fura abin sha ne bayan an ci abinci. A can ita ce abincin rana, kuma in ka ajiye ludayi da wuri sai maigida ya tambaye ka ko an yi maka laifi ne. Da yamma aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Duk wanda ya shigo gaishe ni sai ya ce, "Bakano, mi kaka biɗa garinmu?" In na faɗa sai ya ce Allah ya ba da sa'a, irin yadda ake ce wa mai jinya.

Bayan la'asar Alhaji ya ce yana da tsaraba ta musamman. Ashe tun da ya ji zan zo ya bi gidajen unguwa, har ya aika Lafani da Gidan Katta wurin 'yan'uwa, aka tattaro masa tsofaffin wasiƙu. Ya shiga ciki ya fito da faranti a rufe, ya buɗe a gabana. Kan sarki ne cike da faranti, kowanne an bi gefensa da reza an yanke shi tsaf. Ya ce shi da kansa ya zauna ya yi aikin, ya cire duk baƙin dattin nan da ke gefe don Kawu ya samu masu tsabta. Na tambayi inda ragowar takardun suke, ya ce an hura wuta da su. Na ɗauki ɗaya na duba, ga rabin zagaye nan da guntun harafi, sauran ya tafi murhu. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Na dubi fuskar Alhaji, ga ta cike da murna, sai na haɗiye abin da ya zo mini baki na yi godiya. Har yanzu farantin kan sarkin nan yana shagona a cikin leda.

Washegari da safe na ce a kai ni wurin wakilin gidan waya, aka ce ai Malam Ummaru ya tafi suna Darna Sabon Gari, 'yarsa ce ta haihu, kuma shi in ya je suna sai ya ga ƙarshen naman. Shagonsa a kulle, ga akwatin wasiƙu ja a jikin bango yana kallona. Alhaji ya ce maimakon in zauna ina huci, mu tsallaka Ƙwanni in ga ƙasar Nijar, tunda an sake buɗe iyaka.

Iyakar ma ba wani abin a zo a gani ba ce. Sanda ce a gicciye da rumfa, mutane da jakuna da raƙuma suna ta wucewa, kowa ya san kowa. Alhaji yana da ƙanwa da ke aure a can, suna gaisawa da ma'aikatan da suna. Ni ne dai baƙo, don haka wani jandarma dogo ya ce in buɗe jaka. Ya ga ambulan a liƙe, ya ɗaga ɗaya ya haska a rana, ya girgiza, ya shinshina na kilishin. Ya tambaye ni da Hausarsa mai daɗi me ke ciki, na ce babu komai. Ya ce to wa zan aika wa babu komai? Alhaji ya sa baki ya ba da labarin Kawu da idonsa. Jandarman ya mayar mini da su da hannu biyu, ya ce shi ma tsohonsa gwangwanin tumatir yake tarawa, kowa da irin tsohon da Allah ya ba shi.

Muka canza 'yan kuɗi zuwa sefa muka nufi gidan wayarsu, muka tarar an rufe. Ba hutu ake ba, ba rasuwa aka yi ba. Su haka suke, in rana ta take kowane ofis sai a kulle, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai la'asar ta kusa a dawo. Na fara faɗa ina cewa wannan wace irin gwamnati ce mai barcin rana. Alhaji ya ja ni gidan ƙanwarsa, aka ba mu shinkafa da miya da irin burodinsu dogo mai ɓawo, wanda sai ka yi da gaske kafin haƙori ya shige shi, aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar dalbejiya. Ni da ke faɗa ni aka tasa da ƙyar. Na farka ina cewa lallai mutanen nan sun fi mu hankali.

Ma'aikacin gidan wayar Ƙwanni saurayi ne mai fara'a. Da ya ji abin da nake so bai ko yi mamaki ba, ya ce Turawa masu wucewa suna yawan neman haka. Na sayi kan sarkinsu na manna a ɗaya daga cikin na gwajin, ya goge hatimi, ya ɗora a hankali, ya ɗaga. Ya fito fes, kowane harafi a tsaye. Ya miƙo mini abina na sa a aljihu. Na fito ina cewa ashe abin ba wuya, gobe war haka ina hanyar gida.

Washegari Malam Ummaru ya dawo. Gajeren tsoho ne mai faɗin kafaɗa da farin gemu, yana sayar da sabulu da ashana da gishiri a gefe ɗaya na shago, ɗaya gefen kuma teburin gidan waya ne da ƙaramin sikeli da buhun wasiƙu a rataye. Na gaishe shi, na yi masa barka, na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi ambulan ɗin Kawu ya karanta adireshin, ya tambaye ni ina zan nufa in na bar nan. Na ce Kano. Sai ya miƙo mini shi, ya ce to in kai masa mana, kan sarkin ma ya huta a yi wani amfani da shi.

Na ce a'a, Baba, bugawa za ka yi ka ba ni in tafi da shi, kamar yadda aka yi mini jiya a Ƙwanni. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ƙwanni daban, nan daban. Abin da wanga hatimi ya taɓa ba ya fita ta ƙofa, sai ta buhu. Haka anka ba ni shi, haka zan maishe shi."

Na roƙa. Na ce idon mutum ake magana, kuma kowa ya san yadda wasiƙa ke jan ƙafa a hanya. Alhaji Garba ya roƙa, wani mai sayen gishiri ma ya ajiye gishirinsa ya taya mu. Tsohon ya ce yana tausayin Kawu, amma in Kawu ma'aikacin gidan waya ne na gaske, shi ma ba zai so a yi haka ba. Raina ya ɓaci har na fita waje na tsaya a rana. Da na huce na ga ba ni da wata hanya, na dawo na ce to a buga, amma a hankali.

Ya zauna ya gyara kwanan wata da tsinke, ya ɗiga tawada a kan ɗan soson hatimin da ya bushe, ya ce in kawo na gwajin tukuna. Na rubuta adireshin shagona a kansu. Ya ɗora hatimin a hankali kamar yadda na ce, ya ɗaga. Babu abin da ya fito sai inuwa. Ya sake a wani, haka. Ya juyo mini da ƙarfen na gani, haruffan sun cinye saboda tsufa, sun kusa shafewa. Ya jefa na gwajin a buhu, ya ce in na gama koya masa aiki in matsa ya yi irin nasa.

Ya shimfiɗa wata tsohuwar fata a kan tebur, ya ɗora ambulan ɗin Kawu, ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hatimin sama ya sauke. Sikeli ya yi tsalle, ashana ta zubo daga kanta. Mai shayin da ke tsallaken hanya ya ɗaga murya ya ce lallai Malam Ummaru ya dawo daga suna. Na miƙa wuya in gani, amma tuni ya jefa shi a buhu ya ja igiya. Na ce ko kallo ɗaya, Baba. Ya ce mai shi zai kalla. Ni dai na tabbata ya fasa takardar, kuma na tabbata na yi tafiyar banza.

Abin mamaki, tsohon nan da ya hana ni abina shi ya riƙe ni hira har azahar, ya aika aka kawo mini naman suna, ya tambaye ni labarin gwangwanayen Kawu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai taɓa sanin akwai wanda ke kallon bugunsa ba, shi a zatonsa yaga ambulan ake a jefar. Na ga abin ya yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake bai faɗa ba.

Buhun yana tafiya Sakkwato ne a motar wani direba da aka saba ba wa, don haka na jira na shiga motar. Aka ɗora shi a gaba kusa da direba, ni ina bayansa, in mota ta faɗa rami sai in kai hannu in dafe. Alhaji Garba ya cika mini but ɗin motar da albasa har direban ya yi ƙorafi. A Sakkwato na bi buhun da ido har aka shige da shi ta ƙofar baya, na tsaya kamar wanda ya raka amarya. Daga nan na kamo hanyar Kano.

Ina isowa na shiga wurin Kawu. Na ba shi na Ƙwanni, ya sa gilashinsa na ƙara girma ya duba a bakin ƙofa, ya ce yana da kyau, ya ajiye. Sannan na gaya masa na Illela yana hanya, tsohon ya ƙi ba ni. Na zaci zai yi fushi, sai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe har yanzu akwai sauran ma'aikata a ƙasar nan. Amma da zan fita na ji yana tambayar matarsa ko hadari ne ya haɗo, alhali rana tsaka ce fayau. Na gane idon ya ƙara rufewa.

Jiran nan ya fi tafiyar wuya. Kullum sai na je na duba akwatin Kawu a gidan waya, kullum wayam. Na gwajin suka riga zuwa shagona, na kai masa. Ya juya su, ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya ce shi bai ga komai ba, ko idonsa ne? Na ce ba idonka ba ne, Kawu, babu komai ɗin ne. Ban sani ba ko ya yarda.

Ranar da nasa ya zo, ko dubawa ban tsaya yi ba, na sa a aljihu na hau keke. Na same shi a zaure da hantsi. Ya karɓa, ya matsa inda rana ke shigowa, ya ɗora gilashi. Ya daɗe. Ya ce yana ganin baƙi a zagaye, baƙi sosai, amma haruffan sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai ya ajiye gilashin a kan tabarma, ya ɗora babban yatsansa a wurin. Na ga ya tsaya cak. Ya juya ambulan ɗin ta baya ya shafa, ya sake juyowa. Ashe bugun bai fasa takardar ba, lotsa ta ya yi, hatimin gaba ɗaya ya zauna a ciki har ya kumburo ta baya.

Ya bi da yatsa a hankali yana motsa baki. Ya ce, "Zagaye biyu ne. Ga sunan garin a sama, ga kwanan wata a tsakiya. Duba mini, Sabo, haka ne?"

Na karɓa na duba, a karo na farko. Haka ne, ko kuskure ɗaya babu. Na ce haka ne, Kawu. Na tashi zan jawo gwangwanin zagaye biyu, ya riƙe mini riga ya ce in bar shi tukuna. Ya sa ambulan ɗin a aljihun gaba, ya dafe da tafin hannu, fuskarsa ta cika da murna irin wadda na daɗe ban gani ba. Ya tambaye ni sunan tsohon, na faɗa masa. Ya ce in Alhaji Garba ya zo da albasa a ba shi saƙo da baki, tunda an san halinsa da takarda.

"A ce wa Malam Ummaru na gani. Allah ya ƙara wa hannunsa nauyi."